Yadda ake haɗa allon roba mai soso a tsakiya da injin matsi mai zafi

Duk wanda ya taɓa fere karan dawa ya san sirrin wannan allo tun kafin a yi masa bayani. Ɓawon kara siriri ne mai tauri, totuwar da ke ciki kuwa ko yaro zai murje ta da yatsa, amma muddin suna manne da juna, karan zai ɗauki nauyin da ya fi ƙarfin kowannensu shi kaɗai. Haka ake gina allon da muke magana a kai: fatu biyu sirara na roba mai zaren gilashi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da soso mai tauri a tsakaninsu. Ana narka fuskar fatun, a danne su a jikin soson har su zama abu guda, ba tare da an shafa gam mai ruwa ba.

Lissafin ne ya sa ake wahala a kansa. Ɗauki falle mai kaurin milimita 2, ka raba shi gida biyu, ka sa soso na milimita 2 a tsakani: ƙin lanƙwasuwarsa ya ninka sau 7. Ka mayar da soson milimita 6, ya ninka sau 37, alhali nauyin da aka ƙara bai taka kara ya karya ba. Dabarar ba sabuwa ba ce. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, da katakon balsa mara nauyi tsakanin fallayen filawud aka yi gangar jikinsa. A yau irin wannan gini ne a fukafukan injinan da ke samar da lantarki daga iska, da bangon motocin dakon kayan sanyi, da daɓen jiragen ruwa. Allo mai fatu na milimita 1 kowacce da soso na milimita 20 wajen kilo 5 ne a murabba'in mita. Filawud na milimita 18 ya kan kai kilo 10 ko 11, ga shi yana shan ruwa, gara kuma tana cinsa.

Gaba ɗaya aikin a kan abu ɗaya yake tafiya: zafi ya isa ya narka fuskar fata, amma kada ya sami lokacin shiga cikin soso. Duk matakan da ke tafe hidima suke yi wa wannan.

Zaɓen kaya

Fara da fata. Wadda ta fi sauƙin sarrafawa ita ce robar PP, irin ta kujeru da buhunan saƙa, haɗe da zaren gilashi wanda masu sana'a ke kira faiba. PP tana narkewa tsakanin digiri 160 da 165 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ƙaramin inji zai kai ba tare da wahala ba. Ana samunta iri biyu. Akwai falle da aka riga aka gasa, wanda za ka yanka kawai. Akwai kuma yadi da aka saƙa zaren gilashi da zaren PP tare, kamar wanda aka sani da sunan Twintex, mai kashi 60 cikin 100 na gilashi a nauyi. Shi kai ne za ka gasa shi ya zama falle.

Soso shi ne inda mutane suka fi yin tuntuɓe. Ba soson katifa ake nufi ba, ba kuma farin soson da ake sako firji da talabijin a cikinsa ba. Shi farin nan da ya ji zafin digiri 100 sai ya tsuke ya yamutse, tun fata ba ta ko fara laushi ba. Wanda ya dace shi ne soson PET, wato robar gorar ruwa da lemo. PET ba ta narkewa sai wajen digiri 250, saboda haka akwai tazara mai kyau tsakaninta da PP. Kamfanoni irin su Armacell da 3A Composites da Diab suna sayar da shi a fallaye, kuma na Armacell mai suna ArmaPET daga tsofaffin gorori ake yin sa. Nauyinsa ake dubawa wajen saye: ga bango da ƙofa, mai kilo 80 zuwa 100 a kowace kubik mita, wato dunƙulen da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk mita ɗaya ne, ya wadatar; ga daɓen da za a taka, ka nemi mai kilo 130 zuwa sama.

Akwai kuma soson PP. Kyansa shi ne yana narkewa ya haɗe da fatar PP kai-tsaye, kuma in allon ya tsufa ana iya niƙa shi gaba ɗaya a sake narkawa. Aibinsa shi ne zafin da zai narka fatar shi ne zai narka soson. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya fara da PET.

Sai dai PP da PET ba sa ga-maciji: ko an narka su tare ba sa haɗewa. Abin da ke riƙe su shi ne narkakkiyar PP da ta kutsa cikin ƙananan ramukan da zarto ya buɗe a fuskar soson ta daskare a can. Wannan riƙo yana da ɗan ƙarfi, amma ga allon da zai yi aiki na gaske a sa siririyar ledar gam mai narkewa da zafi a tsakani, wadda aka yi musamman don ta kama PP a gefe ɗaya, PET a ɗaya gefen. Mai sayar da soson ya kamata ya faɗa maka wadda ta dace da kayansa, da zafin da take narkewa. In bai iya faɗa ba, ka nemi wani.

Tambayar da kowa ke yi a nan ita ce, tun da gorori sun cika kwatoci, me zai hana mutum ya niƙa su ya yi soson da kansa a cikin injin matsi? Ba zai yiwu ta wannan hanya ba. Narkakkiyar PET ta gora tsinkakkiya ce, ba ta riƙe kumfa. Sai an zuba mata sinadarin da ke ƙulla sarƙoƙin ƙwayoyin robar su yi tsawo ta yi kauri, an busar da ita sarai, an tura ta a injin murɗa tare da iskar gas mai matsi. Wannan aikin babbar masana'anta ne. Gaskiya ne akwai soson da ake tayarwa a cikin injin matsi, shi ne na silifas: a cakuɗa robar EVA da garin azodikabonamaid, wanda giram ɗaya nasa ke fitar da gas sama da mililita 200, a danne da matsi mai tsanani, a buɗe injin farat ɗaya ya kumbura. Amma soso ne mai laushi, ba na ɗaukar kaya ba, kuma garin yana jawo ciwon asma ga masu shaƙarsa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin sinadarai masu babban haɗari a 2012.

Injin matsi

Inji biyu ake bukata, ko kuma ɗaya mai gida biyu: mai zafi da mai sanyi. Manyan masana'antu suna amfani da inji mai bel biyu na ƙarfe ko na Teflon, wato robar da ke jure zafi wadda abu ba ya mannewa a jikinta, allo ya shiga ta ɓangaren zafi ya fito ta ɓangaren sanyi ba tsayawa. Mai ƙaramin jari zai yi abin da bel ɗin ke yi da hannu, ya ɗauke allon daga wannan ya kai wancan.

Fara da girman santimita 60 sau 60. Farantan da ke danne allon su zama na alminiyon mai kaurin santimita 4, saboda alminiyon yana baza zafi daidai fiye da baƙin ƙarfe. A kai su wurin mai injin gyaran fuska ya share su su kwanta sumul. Ratar rabin milimita a faranti za ta fito a kowane allo da ka yi. A huda su ta gefe a zura sandunan hita da tazara daidai, a ƙara ƙarfin na bakin gefe domin nan zafi ya fi gudu. Kowane faranti da nasa wayar auna zafi nau'in K da nasa akwatin sarrafa zafi na PID, wato mai riƙe zafi a lambar da aka sa masa. Tsakanin faranti da firam a sa allon da ke tare zafi, in ba haka ba firam ɗin za ka yi ta gasawa da kuɗin man janareta. Maƙeran Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano za su iya haɗa firam, masu gyaran injinan roba na Sharaɗa da Challawa kuma sun san hita da akwatin zafi ciki da bai.

Yi lissafin wuta tun kafin ka sayi komai. Farantai biyu masu wannan girma sun kai kilo 78, kuma ɗaga su daga zafin ɗaki zuwa digiri 190 yana cin wutar da ta haura kilowat-awa 3, ban da wadda ke zubewa. Da hita na kilowat 6 kana bukatar fiye da rabin awa kafin ka fara aiki. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a zafafa faranti a sanyaya shi a kan kowane allo.

Matsi da bar ake auna shi, kuma bar ɗaya kusan kilo ɗaya ne a kan kowace murabba'in santimita. Farantinka murabba'in santimita 3,600 ne. Bar 3 a kansa ya zama kusan tan 11, bar 8 kuma kusan tan 29, saboda haka jak na tan 30 ko sama ake nema. In ranka ya biya cikakken falle na ƙafa 4 sau 8, bar 3 kaɗai yana neman kusan tan 90.

Kula da wannan, domin yana lalata kaya da yawa: agogon da ke jikin famfon haidirolik matsin mai yake nunawa, ba matsin da ke kan allo ba. Sai ka juya lissafi. In fistan ɗinka faɗin bakinsa santimita 10 ne, fuskarsa murabba'in santimita 78.5 ke nan. Kana son kilo 10,800 a kan allo, ka raba da 78.5, agogo ya nuna wajen bar 138. In ka rage fuskar allon da rabi ka bar agogo a inda yake, ka ninka matsin da ke kan soso ke nan. Rubuta lissafin kowane girma ka manna a jikin injin.

Sauran kayan aiki: yadin gilashi mai rufin Teflon don kada roba ta kama faranti, yana jure zafi har digiri 260, fallayen alminiyon biyu na milimita 2 da za su zama tire na ɗaukar allo, sandunan waigi na ƙarfe da aka share su zuwa kaurin da ake so, safar hannu ta zafi mai tsawo har gwiwar hannu, agogon daƙiƙa, da ma'aunin kauri na baniya.

Gasa fata

Wanda ya sayi gasasshen falle ya tsallake nan. Ga mai yadi: yadin da murabba'in mitarsa ke da nauyin giram 1,500 yana ba da fata ta kusan milimita 1. Yanka shi ya ɗara girman allon da santimita 2 a kowane gefe, ka sa tsakanin Teflon biyu, faranti a digiri 200. Rufe a hankali da ɗan matsi na minti ɗaya ko biyu, zaren PP ya narke iska ta sami hanyar fita, sannan ka ɗaga zuwa bar 5 ko 8 na wasu mintuna 3 zuwa 5. Kai shi injin sanyi da matsi iri ɗaya.

Ɗaga fatar ka duba ta a hasken rana. In yadin mara launi ne, fata mai kyau tana barin haske ya ratsa ta daidai ko'ina. Fararen tabo alama ce ta zaren da roba ba ta jiƙa ba, a ƙara lokaci ko matsi. In ta yi rawaya-rawaya tana ƙauri, zafi ya yi yawa, robar ta fara mutuwa, kuma fata irin wannan karyewa take yi. Gasa fatun yini guda a jere ka ajiye su a kwance.

Akwai masu son su yi komai a tashi ɗaya, su ɗora ɗanyen yadi a kan soso su danne. Ban goyi bayan haka ba. Matsi da lokacin da yadi ke bukata kafin ya jiƙu sun fi abin da soso zai jure da zafi, sai a tashi da busasshiyar fata a kan matsattsen soso.

Jera kaya

Auna kaurin soson a kusurwa huɗu da tsakiya. Hure ƙurar zarto daga fuskarsa da iskar kwamfuresa mara mai, domin garin da ya cika ramuka shi roba za ta kama maimakon soson. Kada a ajiye shi inda zai sha laima, musamman da damina. Ruwan da ya maƙale a ramukan fuska zai zama tururi a ƙarƙashin fata ya tayar da ƙuraje. Goge fuskar fatar da sifirit, kada a sake taɓa ta da hannu mai maiƙo.

Jerin daga ƙasa: tire, Teflon, fata, ledar gam, soso, ledar gam, fata, Teflon, tire. Abin da ke sama ya zama daidai da na ƙasa a kauri da kuma inda zare ya fuskanta. Fata mai kauri a gefe ɗaya da siririya a ɗayan za ta ba ka allo mai doro, kuma babu dannewar da za ta miƙe shi daga baya.

In akwai inda za a ɗaura hinji ko makulli ko noti, yanzu ne lokacinsa. Yanke soson wurin, ka cusa dunƙulen PP ko soso mai nauyi sosai mai kauri ɗaya da sauran, ka zana wurin a takarda domin bayan an rufe ba za ka gan shi ba.

Sai waigi. Kaurin allo waigi ne ke yanke shi, ba ƙarfin jak ba. Fata 1, soso 20, fata 1, jimla 22. Sai ka sa waigin da zai tsayar da allon a milimita 21, bayan ka lissafa kaurin Teflon da ledar gam. Milimita ɗayan da aka rage shi ne zai ba fata damar nutsewa rabin milimita a kowace fuska ta kama soso. A jera waigin a gefe huɗu a kan tiren ƙasa, tiren sama ya sauka a kansu.

Matsawa

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce a shigar da jerin gaba ɗaya cikin injin zafi. Sa farantai a digiri 180 zuwa 185, ka bar su su zauna a nan na aƙalla minti 15 bayan akwati ya nuna sun kai, saboda wayar tana karanta wuri ɗaya ne, kusurwoyi suna biyowa a baya. Shigar da tire, rufe da sauri, matsi bar 1 zuwa 3, ka danna agogo a lokacin da faranti ya taɓa tire. Ga fata ta milimita 1 a cikin tiren milimita 2, fara gwaji daga minti ɗaya da rabi. Wannan mafari ne kawai, injinka ne zai ba ka lambar gaskiya.

Yadda za ka same ta ba da ƙiyasi ba: a allon gwaji na farko, zura siririyar wayar auna zafi tsakanin fata da soso, wata kuma ka soka ta a tsakiyar soson. Kana so ta farkon ta kai wajen digiri 170, ko zafin da aka rubuta wa ledar gam ɗinka, ta zauna daƙiƙa 15 zuwa 20. Ta biyun kuma kana so ta tsaya ƙasa da digiri 70. Dalili shi ne, ko da yake PET ba ta narkewa sai a 250, tana fara laushi tun daga wajen 75. Soson da ke jure sama da bar 10 a zafin ɗaki, in zafi ya ratsa shi, bar 2 ma sai ya durƙusar da shi. Sa'ar da ake da ita ita ce zafi ba ya ratsa soso da sauri, don haka akwai 'yar taga ta lokaci da fuska ta narke ciki bai ji ba. Lokacin da agogo ya nuna a wannan gwaji shi za ka rubuta, shi za a bi a kowane allo mai irin wannan jeri.

Hanya ta biyu ita ce a zafafa fatun su kaɗai, a tanda ko tsakanin farantan zafi, zuwa digiri 190 ko 200, soso yana gefe da sanyinsa. Sai a ɗauko ta ƙasa a shimfiɗa a injin sanyi, a ɗora soso, a ɗora ta sama, a rufe. Zafin da ke jikin fatar ne kaɗai zai yi aikin, saboda haka soso ba ya wahala, kuma ita ce hanyar da ta dace da soson PP. Tsadarta gaggawa ce. Fata ta milimita 1 tana zubar da zafinta cikin daƙiƙu kaɗan, sai a yi niyyar rufe inji kafin daƙiƙa 10. Ana bukatar mutum biyu da suka saba da juna, injinan na dab da juna, a kashe fanka, a rufe ƙofar da iskar hunturu ke shigowa. A gwada motsin da kayan sanyi sau da yawa kafin a kunna wuta: wa zai ɗauki me, wa zai ja jak, ina kowa zai tsaya. A ɗan ɗumama farantan injin na biyu zuwa digiri 60 ko 80 don kada su ƙwace zafin fata kafin ta kama.

Ko wace hanya ka bi, da faranti ya sauka a kan waigi ka daina bugun jak. Ƙarin matsi daga nan waigi da faranti yake ci.

Maganar lafiya a wannan mataki ba ta wasa ba ce. Narkakkiyar PP in ta taɓa jiki mannewa take yi ta ci gaba da ƙuna. A sa wurin cikin ruwan sanyi mai gudu na minti 20, kada a ɓamɓare robar, a tafi asibiti. In injin na lantarki ne a yi masa maɓalli biyu da sai an danna su tare da hannu biyu yake sauka. Ɗakin ya zama mai fitar da hayaƙi. Kuma kada a kuskura a sa robar PVC a wannan zafi da sunan gwaji, domin tana fitar da iskar asid mai cin huhu da ƙarfe.

Sanyaya

Allon da ya fito daga zafi bai zama allo ba tukuna. Robar tana ruwa, kuma iskar da ke cikin ramukan soso ta kumbura tana tura fata waje. A kai shi injin sanyi nan take, da waigin nan dai, da matsi iri ɗaya, a riƙe har fuskarsa ta sauko ƙasa da digiri 60. In an huda farantan sanyi ruwa yana zagayawa ciki, mintuna kaɗan sun isa, amma ruwan ya shiga sama da ƙasa daidai. In gefe ɗaya ya riga ɗayan sanyi, allon zai lanƙwasa. Bayan an fitar, a kwantar da shi a shimfiɗaɗɗen tebur a ɗora masa nauyi har washegari, saboda PP tana ci gaba da tsukewa kaɗan bayan ta daskare. Kada a jingina sabon allo da bango.

Gwaji

Allon farko na kowace rana na yankawa ne, ba na sayarwa ba. Tsaga shi ta tsakiya ka kalli bakin da tabarau mai ƙara girma. A allo mai kyau za ka ga ƙarƙashin fata wani siririn layi mai ɗan duhu da bai kai milimita ɗaya ba, inda roba ta cika ramukan farko, daga nan kuma ramukan soso suna nan zagayayyu har tsakiya. In layin ya yi kauri, ramukan da ke ƙarƙashinsa sun baje kamar an taka su, zafi ko lokaci ya yi yawa. In babu layin sam, fata tana zaune a kan soso ne kawai, za ta tashi.

Sannan yanki tsiri mai faɗin santimita 5, ka sa kurfi ka ɗaga bakin fatar, ka kama da filaya ka ja. Kallo ɗaya za ka yi wa bayan fatar. In ta taso da soso manne a jikinta, ta yi kaushi kamar an barbaɗa mata gari, haɗin ya fi soson ƙarfi, abin da ake nema ke nan. In ta taso fes tana ƙyalli, haɗin ya faɗi, ko da allon yana da kyan gani. Yi wannan daga tsakiya da kuma daga kusurwa, domin kusurwa ce ke fara nuna farantin da zafinsa bai daidaita ba.

Ga sauran allunan da ba za a yanka ba, bi fuskarsu kana ƙwanƙwasawa da kwabo ko ƙaramin ƙarfe. Wurin da ya kama yana ba da ƙara tsantsa, wurin da ya saki kuma ƙarar tana mutuwa. Zagaye wurin da alli.

Gwajin nauyi shi ne na ƙarshe. Ɗora tsiri a kan sanduna biyu masu tazarar santimita 50, ka rataya nauyi a tsakiya ta kan faffaɗan ƙarfe, kana ƙarawa kana auna lanƙwasa. Yadda ya karye shi ne darasin. Soso ya tsage a karkace, a nemi mai nauyi ko mai kauri. Fatar sama ta tattare ta yi ƙwarya, fata ta yi siriri ko soso ya yi laushi. Fata ta ɓalle daga soso, a koma kan zafi da ledar gam. Mai son sayar wa kamfani za a tambaye shi sakamakon gwaji na ƙa'ida, irin ASTM C393 na lanƙwasa da ASTM C297 na jan fata daga soso, kuma waɗannan sai a ɗakin gwaji na jami'a ko makamancinsa. Kowane allo a rubuta masa lamba, zafi, lokaci, matsi, kauri da nauyi a littafi.

Yanka da ɗaurawa

Yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora na kabaid, ka sa takunkumin ƙura da gilashin ido, domin garin faiba yana cizon fata yana kuma shiga ƙirji. Bakin da aka yanka kada a bar shi a buɗe. Nan ne fata ke fara tashi in an buge shi. A rufe da alminiyon mai kwari ko sandar PP da aka liƙa da bindigar iska mai zafi. Sukurun katako ba ya riƙe soso. Ga abu mara nauyi ribit ya isa, ga mai nauyi sai ta wurin dunƙulen da aka cusa tun farko, ko a zura bututun ƙarfe a ramin don noti ya matse bututun maimakon allon. Fenti da gam ba sa kama PP da sauƙi. Sai an wuce da harshen wutar gas a kan fuskar da sauri, ko an shafa share-fagen da aka yi don PP.

Ranar ƙasarmu tana cin PP, ta sa ta yi gari ta farfashe. Allon da zai zauna a waje ya zama da baƙar fata mai garin kabon, ko wadda aka zuba wa maganin rana, ko a rufe shi da fenti. Haka kuma roba tana saki a hankali in nauyi ya daɗe a kanta cikin zafi, kamar bayan mota da ta yini a rana a watan Afrilu. A ganina kada nauyin da allo zai zauna da shi kullum ya wuce rubu'in wanda ya karya shi a gwaji.

Sai wuta. PP tana ci, tana kuma ɗiga tana ci, soson PET na gama-gari ma yana ci. Gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta kashe mutum 72, ta bi ne ta allunan da aka lulluɓe ginin da su, masu robar PE, irin ta leda, tsakanin fallayen alminiyon. Wannan allo ya dace da akwatin mota, ƙofar ɗakin sanyi, tebur, kwale-kwale da makamantansu. In wani ya zo yana so a yi masa silin ko rufin bangon makaranta, asibiti, masallaci ko bene da shi, ka ƙi, sai in fatar da soson duka masu maganin wuta ne kuma an gwada allon a haɗe an ba shi takardar shaida.